Bijimin Baffa Sali a Cikin Kwamfuta

Da na dawo Mubi daga Fatakwal, bayan shekarun da ni kaina na daina lissafa su, abu biyu na tarar sun ƙi canzawa: hanyar Kolere da bakin Zainulabideen. Hanyar tana nan da ramukanta, bakin kuma yana nan a buɗe.

Zainulabideen ɗan baffana ne, sa'ana. Na bar shi yana cewa zai zama matuƙin jirgin sama, na dawo na tarar ya zama Injiniya Zain, kuma shi ya ba kansa takardar. Ranar da na sauka, ko jaka ban ajiye ba ya ja ni ɗakinsa na zaure, ya buɗe wata laftof da aka ɗaure ƙugunta da salatif.

"Mahmoud, ka dawo a kan gaɓa. Ka taɓa juya kayan wasan yaran garin nan ka duba ƙasansu? Mota, China. Jirgi, China. 'Yar tsana mai gashi kamar na masara, China. Ni zan yi wa yaran Mubi bijimi. Namu, mai tozo, mai ƙaho. Zan gina shi a nan cikin tiri-di, in fitar da hotonsa kamar ka miƙa hannu ka shafa, in aika Legas a zubo mana shi da roba. Kai ne manaja."

Ni kuwa ba ni da abin yi. Garin ya yi mini kaɗan, gidanmu ya yi mini kaɗan, kuma duk wanda ya yi mini sannu da zuwa sai ya ɗora da "yaushe za ka koma?" Na karɓi manaja.

Na ce, "To, nuna mini bijimin."

Ya juyo mini da allon. Wani akwati ne mai launin toka, yana tsaye shi kaɗai a fili.

"Wannan fa?"

"Shi ne. A duniyar tiri-di komai daga akwati yake farawa. Kai ma da a nan aka yi ka, da akwati ne kai tukuna."

Ƙanwarsa Nafisatu ta shigo da ruwa, ta leƙa allon ta kan kafaɗarsa.

"Ya Mahmoud, sannu da hanya. Kar ka tsorata, tun azumi akwatin nan yake nan. Ko ƙaho ɗaya bai tsira ba."

"Fita! Ke me kika sani a kimiyya?"

"Na san akwati in na gan shi."

Da la'asar Baffa Sali ya kira mu. Baffa dillalin shanu ne, yana da garke a Kolere da gona a Digil, kuma magana a wajensa kamar ana cire masa haƙori ne. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi hanya, sannan ya dubi ɗansa.

"Karsana na sayar na saya maka wannan abu. Da ita ce, da yanzu ta haihu. Shi me ya haifa?"

"Baba, irin wannan aiki yana buƙatar..."

"Kafin a shiga maimai, ko in ga abin da kake yi da idona, a gaban mutane, ko ka ɗauki fartanya ka bi mu Digil. Abin kuma Levi ya ce yana so."

Levi shi ne maƙwabcinmu mai gidan kallon ƙwallo. Ya daɗe yana yi wa laftof ɗin kallon da mahauci yake yi wa rago.

Mutum mai hankali da ya ji haka sai ya rage buri. Zain ƙarawa ya yi. Ya ce ba bijimin banza zai gina ba, Janar zai gina.

Duk wanda ya san kasuwar shanun garin nan ya san Janar. Farin bijimi ne na Baffa, tozonsa kamar an ɗora masa buhun gero, kuma shi ne abu ɗaya a duniya da za ka yaba ka ga Baffa ya yi murmushi. Yana kuma da tarihi. Lokacin yana ɗan maraƙi ya ɓata a wata damina, ya yi zamansa cikin garken Alhaji Garbai, wani Babarbare ɗan kasuwa da ya zo daga Borno tun kafin a haife mu. Da aka je ɗaukowa Garbai ya ce nasa ne. Dattawa suka zauna, suka duba kunne, don a nan kunne ne shaida: shanun Baffa kunnen dama kaɗai ake tsaga musu, na Garbai duka biyun. Na maraƙi ɗaya ne a tsage, aka ba Baffa abinsa. Amma ka san Babarbare da Bafillatani abokan wasa ne, ba a gama magana tsakaninsu. Har yau duk inda suka haɗu sai Garbai ya ɗaga murya ya ce, "Sali, yaya sana? Kana ba shi dusa?" Baffa ya yi kamar bai ji ba, jijiyar wuyansa tana tashi.

Washegari muka hau babur muka nufi Kolere ɗaukar hoto. Zain ya ce Ba'indiyen da yake koya masa a bidiyo ya ce sai an ɗauki gaba, gefe da baya. Ya kuma aro tef ɗin awo na Nafisatu don ya auna ƙaho.

Gefen dama ya tafi lafiya. Janar yana kiwo, bai kula mu ba. Sai Zain ya zagaya gabansa, ya buga yatsa kamar mai hoton biki.

"Janar, ɗago! Dubi nan. Yauwa, ɗan karkato."

Janar ya ɗago. Zain ya ware tef, ya matsa, ya ɗora bakinsa a tsinin ƙaho.

Ban san Zain yana da gudu ba sai ranar. Ni na yi gabas, shi ya yi wajen mayo, wato rafi, Janar ya zaɓi Injiniya. Da na same shi yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, wayar a sama kamar tuta, takalmi ɗaya ya tafi Kamaru. Tef ɗin kuwa yana rataye a ƙahon Janar, ya tafi da shi.

Da muka duba waya, hoto ɗaya ne mai amfani, na gefen dama. Sauran duk sararin sama ne da ƙafafun Zain.

A tsakar gida, Baffa yana alwala, Nafisatu tana neman tef ɗinta, Zain ya tsaya yana ɗigar ruwa ya yi wa kowa lacca.

"Hoto ɗaya ya ishe ni. Akwai abin da ake kira madubi a cikin manhajar. Ni in gina rabin dama, kwamfuta ta kwafa ta yi mini hagu. Rabin aiki, cikakken sakamako. Wanda bai waye ba ne yake yin aiki sau biyu."

Baffa ya ci gaba da wanke ƙafarsa ta hagu.

Daga nan aiki ya kankama. Ba'indiyen yana magana kamar ana bin sa, Zain yana mayar da shi baya yana cewa, "Tsaya mana, malam!" Akwatin ya fara kumbura, ya fitar da ƙafafu. Levi ya leƙo ya ce, "Kai, ka yi ƙoƙari. Karen wa ye?" Zain ya ƙara masa tozo, sai dai tozon ya sauka a kan ƙugu. Wata tsohuwa mai kawo mana nono ta daɗe tana kallo, ta ce a kai dabbar nan wajen likita tun ba ta shafa wa sauran ba.

Ranar da ya ce zai sa gashi, ya danna wani abu, Janar ya ɓace cikin suma, ƙaho kawai ake gani kamar ya faɗa cikin dami. Ranar da ya ce zai sa launi, Janar ya fito shuɗi-shuɗi ja-ja, kalar da ko a zanen amare ban taɓa gani ba.

Nafisatu ta ce, "Wannan kam ko China ba za ta iya ba."

Sai aka zo kan abin da yake kira renda, wato kwamfuta ta zauna ta dafa hoton har ya nuna. Laftof ɗin ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe, tana fitar da zafin da ya sa salatif ɗin ya fara saki. Zain ya ɗauke ta ya ɗora a murfin randar Inna don ta sha sanyi. Ranar duk gidan ruwan ɗumi aka sha. Nafisatu ta kawo faifai ta shanya yankakkiyar kuɓewa daidai inda iskar take fita, ta ce ita dai yau ta ga ribar karsana. Hoton yana saukowa layi-layi daga sama, ƙaho ya fito, tozo ya fito, ana zuwa gwiwa aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin kuwa ya riga mu gidan gaskiya tun bara. Aka koma farko. Aka sake ɗaukewa. Daga ƙarshe Levi ya jawo mana waya daga janaretonsa, ba don Allah ba, don kar kayansa su lalace kafin su zo hannunsa.

Amma zan faɗi gaskiya. Da damina ta yi nisa, wata safiya Zain ya kira ni, na duba allon. Janar ne. Ɗan ƙarami, mai sheƙi kamar roba, gajerun ƙafafu irin na kayan wasa, amma Janar ne, har da wannan kallon raini da ya yi wa Zain kafin ya bi shi. Yana juyawa a hankali a kan wani faifai, haske yana bin tozonsa.

"Ka gani? Har tsagar kunne na sa masa. Ba abin da na bari."

Na gani, na yaba. Shekarun Fatakwal sun koya mini kallon lambar mota, sun mantar da ni kallon kunne.

Ya kai wa Baffa ya gani, Baffa ya kau da kai. "Na ce a gaban mutane."

To, mutane ya ce, mutane zai samu. Zain ya ari gidan kallon Levi da babbar talabijin ɗinsa, ya bi rumfunan dillalai ɗaya bayan ɗaya yana gayya. Ni ina biye da shi a matsayin manaja, aikina in ce "ƙwarai kuwa". A rumfar Alhaji Garbai ya fi daɗewa.

"Alhaji, abin da za ku gani ba zane ba ne. Mai zane yana ƙari, yana ragi. Kwamfuta ba ta ƙarya, ba ta da dangi, ba ta karɓar na goro. Abin da yake jikin Janar shi za ku gani, ko gashi ɗaya ban ƙara ba."

Garbai ya gyara doguwar hularsa. "Yaro, komai da komai?"

"Komai da komai."

"Kwamfuta ba ya ƙarya?"

"Ko alƙali ya gan ta sai ya miƙe tsaye."

"Madalla. Zan zo in gaida sana."

Ranar taro, bayan la'asar, gidan kallon ya cika har ƙofa. Dillalai, makiyaya da sandunansu, mahauta, direbobin tirela, da masu zuwa duk inda aka ga an taru. Baffa yana bencin gaba cikin farar riga, Garbai yana gefensa yana cin goro. Zain ya sa kwat a wannan zafin. Ya yi jawabi a kan China, a kan Legas, a kan yadda nan gaba kaɗan yaran Turawa za su riƙa kuka sai an saya musu Janar. Wani daga baya ya ce, "Injiniya, magariba tana zuwa!" Sai ya danna.

Janar ya bayyana a talabijin, ta gefen dama.

Wuri ya ɗauki "Kai!" Wani makiyayi ya miƙe tsaye ya yi masa irin kiran da ake yi wa shanu. Aka ce ga tozon, aka ce ga ƙahon, aka ce wallahi har tafiyarsa, alhali ba tafiya yake ba. Na saci kallon Baffa. Bakinsa ya fara motsi ta gefe ɗaya, murmushin nan yana hanya. Zain ya rungume hannu yana gyaɗa kai kamar mai karɓar gaisuwar sallah.

Faifan ya ci gaba da juyawa. Janar ya fuskanci jama'a.

Kai da ni za mu kalli ido ko hanci. Mutanen nan tun suna yara in dabba ta juyo, kunne suke fara kallo. Surutun ya mutu lokaci ɗaya. Sai ƙus-ƙus ya tashi daga baya, yana tahowa benci-benci.

Garbai ya cire goro daga bakinsa. Ya miƙe a hankali.

"Yaro, tsayar da shi nan. Yauwa. Jama'a, ni tsoho ne, idona ya yi rauni. Kunne nawa kuka gani a tsage?"

Aka amsa kamar a makarantar allo: "Biyu!"

"Nawa?"

"Biyu, Alhaji!"

Garbai ya ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Allah Ya nuna mini ranar nan da raina. Shekara da shekaru ina faɗa, ana cewa Babarbare ya cika surutu. Yau ga ɗan Sali na cikinsa ya kawo shaida. Sali, ba na neman komai. Dusar da ka ba shi na yafe. Ka kawo mini shi gobe da igiyarsa."

Dariya ta fashe har kwanon rufi yana amsawa. Baffa bai motsa ba, amma jijiyar nan ta wuya ta fito kamar igiyar guga.

"Garbai, zauna. Kai da ba ka san saniya ba sai a cikin miya."

"Ni ban ce komai ba! Kwamfuta ne ya ce. Ba shi da dangi, ba ya karɓar na goro. Yaro, ko ba haka ka gaya mini ba?"

Garbai ya nuna Zain da goron hannunsa.

"To zaɓi ɗaya, yaro. Ko kwamfuta ya yi ƙarya, ko babanka ya riƙe mini sa."

"Kwamfuta ba ta ƙarya, Alhaji... wato Baba ma ba ya... Madubi ne! Matsalar madubi ce kawai!"

Wani direba ya ce, "Wa ya kai wa sa madubi har Kolere?"

"Ku tsaya ku gani, yanzu zan gyara!"

Ya faɗa kan laftof, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, duk abin da yake yi yana fitowa ƙato a talabijin. Ya nemo madubin, ya kashe shi.

Rabin Janar ya ɓace.

Daga tsakiyar goshi har wutsiya, an tsaga shi kamar da zare. Ƙaho ɗaya, ido ɗaya, ƙafa biyu. Zain ya ja linzamin kwamfutar don ya ɓoye, sai abin ya juyo mana da cikinsa, fayau kamar ɓarin ƙwarya, ba hanji ba ƙashi.

Wani mahauci ya yi tsalle. "Wa ya feɗe shi? Ina kayan cikin?"

Garbai ya dafe ƙirji. "A'a! Ni ban yarda da rabi ba. Kuma in ma rabin ne, ina nawa? Sali, har kun cinye?"

Makiyayin da ya yi kira ɗazu ya tofar da yawu, ya ce shi bai taɓa ganin an wulaƙanta dabba mai daraja haka ba. Wani yana dariya har ya zame daga benci. Zain ya rikice, ya danna nan, ya danna can, ya rufe manhajar gaba ɗaya ya sake buɗewa. Ta buɗe da abin da take buɗewa da shi kullum: akwati mai launin toka, shi kaɗai a fili.

Levi ya ce, "Ya koma gida."

Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Garbai, gobe ka je Kolere ka ƙirga kunnuwan da hannunka, in Janar ya bar maka hannun." Ya juya. "Levi, naɗe wayarka. Abin ma ka riƙe shi a nan, kar a sha wahalar ɗauko maka."

Ya fita bai kalli ɗansa ba. Garbai ya bi shi har titi yana kira, "Sali! Ko wutsiyar ce a aiko mini!" Tun daga ranar ya canza gaisuwa. Yanzu in sun haɗu cewa yake, "Sali, yaya rabina?"

Da sassafe muka tafi Digil a bayan akori-kura, Zain yana zaune kan buhun taki. Ni rakiya na je, don manaja ba ya gudu ranar da kamfani ya rushe, kuma dai ba ni da wajen zuwa. Masara ta kai gwiwa, ciyawa ta kusa kamo ta. Baffa ya tsaya a bakin gona, ya miƙa sandarsa ya nuna kunyar da ta raba ta tsakiya. Ya ba Zain fartanya.

"Ka nome dama."

Zain ya dubi gonar, ya ga rabi ne kawai, sai fuskarsa ta ɗan saki. "Hagu fa, Baba?"

Baffa ya sunkuya cikin motar, ya zaro wata fartanyar, ya miƙo mini.

"Manaja. Kai ne madubin. Duk abin da ya yi a dama, ka yi a hagu."

Ya tafi duba wake ya bar mu. Zain ya yi sara kaɗan, ya miƙe, ya jingina da ƙotar fartanya yana kallon sama.

"Mahmoud, ka san akwai wani ɗan jirgi maras matuƙi da yake feshin ciyawa? Da za mu samu guda ɗaya..."

Na miƙe, na jingina da tawa ƙotar, na kalli sama. Aikin da aka ba ni ke nan.